Aji Shida: Shekarar Ƙarshe a Makarantar Firamare

A Nijeriya yaro yakan shiga makarantar firamare yana da shekara shida, ya yi shekara shida a cikinta, ya fita yana da goma sha ɗaya ko sha biyu. Haka tsarin yake a rubuce. A ƙauyukan ƙasar Hausa kuwa ba abin mamaki ba ne a tarar da yaro mai shekara goma sha huɗu ko sha biyar a aji shida, don an makara wajen sa shi, ko kuma don ya yi wasu shekaru a makarantar allo kafin a kai shi boko. 'Yan aji shida su ne manyan makaranta. Daga cikinsu ake zaɓar monita da mai kaɗa ƙararrawa, su suke tsare ƙofa da safe suna kama masu latti, su kuma hedimasta yake aika idan saƙo ya taso. Amma girman nan yana tafe da nauyi, domin a wannan shekara ce ake auna abin da yaro ya tara tun daga aji ɗaya, kuma ga yara da yawa ita ce shekarar ƙarshe da za su zauna a gaban allo da alli.

Ba tun asali firamare take shekara shida ba. Dattawan da suka yi boko kafin samun mulkin kai, da ma waɗanda suka biyo bayansu, suna maganar elementare ne, inda ake yin aji ɗaya zuwa huɗu da Hausa, sa'an nan wanda ya ci jarrabawa ya wuce midil, daga baya kuma babbar firamare, ya ƙare a aji bakwai. Shi ya sa har yanzu akan ji tsoho yana cewa ɗan aji bakwai na da ya fi ɗan sakandaren yau iya rubuta wasiƙa. Shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar a 1976, da manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977, su suka daidaita firamare a kan shekara shida a duk faɗin ƙasar. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, a 2004 aka yi masa doka. Dokar ta haɗa firamare da ƙaramar sakandare suka zama zango guda na shekara tara, kyauta kuma wajibi. A idon doka ke nan aji shida ba ƙarshen karatu ba ne, tsani ne zuwa ƙaramar sakandare.

Hukumar NERDC, wadda take tsara manhajar karatu ta ƙasa, ita take fayyace abin da za a koyar a kowane aji. Manhajar da aka fara aiki da ita a 2008 ta cika darussa har yara suna nishi da jakunkuna, saboda haka aka yi mata kwaskwarima, aka harhaɗa darussan da suke da dangantaka, aka fara amfani da sabon tsarin a 2014. A 2025 gwamnatin tarayya ta sake sanar da wata manhajar. Duk da waɗannan sauye-sauye, ginshiƙan aji shida ba su gusa ba: Turanci, lissafi, kimiyya, harshen gida, addini, da sanin ƙasa da zamantakewa. Sauran su ne aikin gona da tattalin gida, da zane da fasahar gargajiya, da motsa jiki da kiwon lafiya, da sanin kwamfuta, sai Larabci ko Faransanci inda aka sami malami.

Lissafi shi ne darasin da ya fi nuna tazarar da ke tsakanin aji ɗaya da aji shida. Yaron da ya fara da ƙirga tsakuwa da marfin kwalba, a yanzu ana so ya karanta lamba mai kai miliyan da biliyan, ya rubuta ta da kalmomi, ya kuma san matsayin kowane adadi a cikinta. Ana so ya iya tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa ba tare da ya tsaya ƙirga yatsu ba, ya san wanda ake fara yi idan sun haɗu a tambaya guda. Daga nan sai ɓangarorin lamba. A nan Hausa tana da tsohuwar dukiya da ta aro daga Larabci tun kafin zuwan boko: sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushiri, wato ɗaya bisa uku har zuwa ɗaya bisa goma. Malaman fiƙihu sun daɗe suna amfani da su wajen rabon gado da fitar da zakka. Malamin lissafi mai dabara yakan tuna wa yara cewa zakkar kuɗi rubu'in ushiri ce, wato ɗaya bisa arba'in, sa'an nan ya nuna musu cewa wannan shi ne kashi biyu da rabi cikin ɗari. Yaron da ya ga haka ba ya mantawa, don ya gane cewa lissafin boko da na zaure abu ɗaya suke faɗa.

Mafi yawan tambayoyin aji shida na kasuwa ne. Ga misalin irin wadda ake bayarwa: ɗan kasuwa ya sayi buhun masara a kan naira 40,000, ya sayar a kan naira 46,000, nawa ne ribarsa, kuma kashi nawa ce cikin ɗari? Ɗalibi zai ɗebe kuɗin saye daga kuɗin sayarwa ya sami 6,000, ya raba da 40,000, ya ninka da ɗari, ya sami kashi 15. Yarinyar da take tallar gyaɗa da yamma tana iya yin rabin farko na wannan lissafi da ka, kafin malam ya gama rubuta tambayar. Abin da yake ba ta wuya shi ne Turancin da aka lulluɓe tambayar da shi. Ana kuma koyar da faɗuwa da rangwame da haraji da canjin kuɗin ƙasashe, da kuɗin ruwa da banki yake ɗorawa a kan bashi. Wannan na ƙarshe yakan jawo tambaya a aji, domin yaran da suke lissafa kuɗin ruwa da safe su ne malamin Islamiyya yake gaya wa da yamma cewa haramun ne. Mai koyon Hausa ya lura a nan: kalmar riba ta ciniki da kalmar riba da shari'a ta hana rubutunsu ɗaya ne, furucinsu ne ya bambanta, shi ya sa mutane suka fi kiran ta biyun kuɗin ruwa. Bayan lissafin kuɗi akwai awo: tsawo da nauyi da faɗin fili, yawan ruwan da tanki zai ci, saurin mota idan an san nisa da lokaci, kusurwoyi, da yadda ake fitar da matsakaicin adadi daga jerin lambobi.

A darasin kimiyya yaro yana ɗaga kai sama. Ana koya masa cewa duniya tana juyawa a kan kanta sau ɗaya cikin sa'a 24, wannan ne yake kawo dare da rana, tana kuma kewaya rana cikin kwana 365 da rubu'i. Ana lissafa masa duniyoyin da suke kewaya rana, a nuna masa cewa Zara, wadda Hausawa suke yi wa kirari da matar wata, ɗaya ce daga cikinsu. Tsofaffin littattafai sun ce duniyoyin tara ne, amma tun 2006 masana taurari suka cire Fuluto daga jerin suka zama takwas. Akwai makarantun da har yanzu tsohon littafin ne a hannun malam. Sai husufi. A al'ada, idan wata ya yi duhu akan ce rana ce ta kama shi, yara su fito suna kaɗa gwangwani da ƙwarya suna roƙon ta sake shi, manya kuma su tafi salla. Littafin aji shida yana bayanin cewa inuwar duniya ce take faɗawa a kan wata, a husufin rana kuma wata ne yake shiga tsakanin rana da duniya. Waɗanda suke firamare ranar 29 ga Maris 2006 sun ga darasin da idonsu, lokacin da rana ta duhunta da hantsi a wani layi da ya ratsa Ghana da Togo da Binin da arewa maso yammacin Nijeriya da Nijar da Chadi.

Daga sama sai a dawo jikin ɗan Adam: zuciya da yadda take harba jini, huhu da numfashi, da canje-canjen da suke zuwa da balaga. Wannan babi na balaga malamai da yawa sukan bi ta kansa da sauri saboda kunya, wasu ma su tsallake shi, alhali yaran da ke gabansu suna bakin shiga wannan hali. Ana kuma gargaɗi a kan shaye-shaye, a yi bayanin maganaɗisu da launuka bakwai na bakan gizo, da ƙananan na'urori masu sauƙaƙa aiki, irin su ƙarfen da ake ɗaga dutse da shi da ƙurar da ake jan guga a rijiya. Sanin kwamfuta yana cikin manhaja, amma a makarantar da ba wuta ba na'ura, malam yakan zana kwamfutar a allo, yara su kwafa su haddace sunayen sassanta.

Darasin Hausa a aji shida ya wuce baƙi da wasali. Ana so ɗalibi ya kiyaye ƙa'idojin rubutu, ya san inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, ya bambanta baƙaƙe masu ƙugiya da marasa ita, don kada ya rubuta kafa yana nufin ƙafa, ko bari yana nufin ɓari. Ana koyar da jinsi da jam'i, da karin magana da kacici-kacici da tatsuniya, da sana'o'in gargajiya kamar ƙira da jima da saƙa da rini. Ana karanta labari a amsa tambayoyin auna fahimta, a yi insha'i a kan ranar kasuwa ko bikin salla. Littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka rubuta a ƙarshen shekarun 1930 musamman domin 'yan makaranta, har yanzu malamai suna ɗebo labarai daga cikinsa. Rubuta wasiƙa kuwa ana yin sa da Hausa da Turanci duka: wasiƙar zumunci zuwa ga iyaye ko aboki, da wasiƙar neman izini zuwa ga hedimasta. A da wannan ne amfanin ɗan makaranta na farko a gari, shi ake kira ya karanta wasiƙar da ta zo daga kudu, ya rubuta amsa. Wayar hannu ta rage wannan aiki, amma ta kawo wani: yanzu shi ake miƙa wa waya ya karanta saƙon banki.

Babbar matsalar aji shida ita ce harshen koyarwa. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsa a shekarun farko, sa'an nan a koma Turanci. A aikace an ɗauki aji huɗu a matsayin wurin sauyawa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da sabuwar manufa ta koyarwa da harshen uwa har aji shida, amma kafin a tanadi littattafai da malamai, a watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke ta, ya ce Turanci ne harshen koyarwa a dukkan matakai. Abin da yake faruwa a cikin aji bai cika bin waɗannan sanarwoyi ba. Malam yakan rubuta darasi a allo da Turanci, ya yi bayani da Hausa, yara su kwafa da Turanci, jarrabawa ta zo da Turanci. Ana sa ran ɗan aji shida ya karanta shafi guda ya fahimta, ya san lokutan aiki, ya mai da maganar wani zuwa maganar rahoto, ya rubuta insha'i mai sakin layi uku ko huɗu. Wanda ya kai wannan matsayi sauran darussa suna buɗe masa. Wanda bai kai ba kuwa, ko ya san amsar tambayar kimiyya da Hausa, ba shi da hanyar da zai nuna ya sani. Irin wannan yaro ba daƙiƙi ba ne, ko da yake sau da yawa haka ake kiran sa.

A fannin addini ɗalibi Musulmi yana karanta gajerun surori da ma'anarsu, da hadisai, da hukuncin tsarki da salla da azumi, da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ɗalibi Kirista kuma yana karanta nasa darasin daga Littafi Mai Tsarki. Manhajar 2014 ta sa darussan addini a ƙarƙashin inuwa ɗaya da zamantakewa da tarbiyyar ɗan ƙasa, abin da ya jawo ƙorafi daga Musulmi da Kirista, har aka raba su a 2017. A darasin sanin ƙasa yara suna haddace jihohi 36 da manyan biranensu da Abuja, da matakan gwamnati uku, da haƙƙin ɗan ƙasa da abin da ya wajaba a kansa. A 2024 sai da kowa ya sake hadda, domin an dawo da tsohon taken ƙasa na lokacin samun mulkin kai. Tarihi ya yi shekaru ba ya cikin manhajar firamare a matsayin darasi mai zaman kansa, har aka sami yaran da suka gama makaranta a Sakkwato ba su karanta komai a aji game da jihadin 1804 ba. Daga baya aka dawo da shi.

Shekarar karatu zango uku ce, daga Satumba zuwa Yuli, kuma zango na uku na jarrabawa ne. Jihohi suna shirya tasu jarrabawar ta kammala firamare da rarraba yara zuwa ƙananan sakandare. Akwai kuma jarrabawar shiga kwalejojin gwamnatin tarayya, wadda hukumar NECO mai hedikwata a Minna take shiryawa, mutane suna kiran ta kwaman entaran. Ana tambaya a kan lissafi da Turanci da kimiyya da zamantakewa, da wasu tambayoyi na gwajin kaifin basira da lambobi da kalmomi. Kwalejojin sun haura 100, an yawaita su ne bayan yaƙin basasa domin yaran sassan ƙasar su zauna tare su san juna. Saboda a ba kowace jiha gurbi, makin da ake buƙata ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Jerin da aka fitar a 2013 ya tayar da ƙura, domin an nemi maki 139 daga ɗan jihar Anambara, wasu jihohin Arewa kuwa makin da aka nema bai kai goma ba. Mutanen kudu sun ce rashin adalci ne. Ga mutanen Arewa kuwa jerin ya zama madubi, domin ya nuna abin da yaransu suke fita da shi bayan shekara shida. Ba laifin yaran kaɗai ba ne: a 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun kashi 75 da aka gindaya.

A makarantun kuɗi na birane akwai wata al'ada ta daban. Iyaye da yawa sukan sa 'ya'yansu su yi jarrabawar shiga sakandare tun daga aji biyar, har wasu makarantun ba su da aji shida sai a takarda. A ƙauye kuwa zango na uku yana faɗawa ne a farkon damina, lokacin shuka da noman fari, sai a ga benci ya yi fili, don uba yana bukatar hannu a gona. Yarinya kuma idan ta kai wannan aji an fara maganar aurenta, ko a ce ƙaramar sakandare tana wani gari, ba za a bar ta ta riƙa yin tafiyar ba. Ga irin waɗannan yara, abin da suka iya a ranar da aka ba su takardar shaidar gama firamare shi ne guzurinsu na boko: karanta takardar asibiti, rubuta suna a maimakon dangwala yatsa, lissafin awo da canji.

A ƙetaren iyaka, a Maraɗi da Damagaram da Tawa, tsarin ya bi na Faransa. Firamare shekara shida ce a can ma, ajin ƙarshe ana kiran sa CM2, kuma Faransanci ne ya daɗe yana riƙe da matsayin da Turanci yake riƙe da shi a Nijeriya, duk da cewa tun shekarun 1970 aka fara gwajin makarantu masu koyarwa da Hausa da sauran harsunan ƙasar. Shifta, wato malam ya karanta yara su rubuta, tana da babban matsayi a wurinsu, kuma kuskuren harafi ɗaya yana cin maki. A 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama harsunan aiki. A Ghana kuma yaran zango suna wucewa daga aji shida zuwa ƙaramar sakandare, babbar jarrabawarsu ta farko sai bayan shekara uku a can.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin elementare ta da da firamare ta yanzu?
2. Manomi ya sayi rago a kan naira 80,000 ya sayar a kan naira 100,000. A fitar da ribarsa cikin ɗari, a rubuta bayanin da Hausa.
3. A rubuta waɗannan da lambobi: sulusi, humusi, sumuni, rubu'in ushiri.
4. Me ya sa yaron da ya san amsa da Hausa yake iya faɗuwa jarrabawar kimiyya?
5. A yi jimla da kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi: manhaja, husufi, insha'i, gurbi, guzuri.
6. A rubuta shafi guda a kan abin da ake koyarwa a ajin ƙarshe na firamare a ƙasar da ɗalibi yake zaune, da harshen da ake koyarwa da shi.